Bindigogin Tungar Hodi

Bindiga ashirin da bakwai aka jera kan tabarma a ƙofar gidan mai garin Tungar Hodi. Abdussamadu, shugaban 'yan sa-kai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa bakinsu. Duk adaka ce ta kaka da kakanni. Wata tsatsa ta cinye ta, wata da robar keke aka ɗaure ta.

Shinkafa ta nuna a fadama, kuma kowa ya san da an yanke ta ɓarayin daji za su sauko. Haka suka yi wa ƙauyuka biyu bara: suka yashe rumbuna, suka kora shanu da mutane.

"Da waɗanga za mu tare su?" in ji shi. "Ko kurciya ba su kayarwa."

Shi ya tsara komai, kuma a faɗi gaskiya, ya iya tsari. Ya je Birnin Kebbi wurin 'yan gwangwan ya tsinto sandunan sitiyarin tsofaffin motoci, don bututunsu ba ya fashewa. Ya sa mata dakan gawayi na albarushi. Ya aika Augie aka sayo farar wuta. Harsashi kuwa, boris ɗin keke da dalmar da masunta ke ɗaura wa taru. Sati biyu yana kai da komo har ya rame, idanunsa suka faɗa. Matarsa ma ta daina fitowa, aka ce zazzaɓi ne.

Saura canza bututu. Ya sami Riskuwa, tsohon maƙeri a Argungu.

"Kawo su biyat-biyat, yaro. Ba a tuɓe gari tsirara."

"Baba, shingen jami'ai nawa ke hanyag ga? Sau shidda zan ratsa su da bindiga? Sawu guda, ƙarƙashin albasa, kwana ukku ka gama."

Da ya koma ya shaida wa mai gari, shi ma ya ga hujja. Mutanenmu kuwa, in sun ga mutum ya rame a kan aikinsu, shi ke nan, sun daina tambaya. Tsohuwa Hamida kaɗai ta ce ta marigayin mijinta ba inda za ta. Abdussamadu ya je da kansa, ya durƙusa, ya yi ta lallashi har ta zaro ta daga ƙarƙashin gado.

Talata da hantsi aka loda su a a-kori-kura, aka danne da buhunan albasa, liman ya yi addu'a. A maƙera bai zauna ba, bai sha ruwan da aka ba shi ba, sai da ya ga an raba bututu na ƙarshe da katakonsa.

Sannan ya gangara bakin gulbi inda ba kowa, ya ciro waya, ya buga wa ɓarayin dajin.

"Ashirin da bakwai, duk an kwance su. Garin ba ko guda har Jumma'a. Ni na cika alkawali. Don Allah ku ba ɗiyata wayar in ji muryatta."