Mai Sanƙo a Gefen Hoto

Injiniya ya cire hularsa ya miƙa wa matarsa ba tare da ya waiwaya ba. Haka yake yi duk lokacin da zai ɗauki hoto, wai hula tana tokare masa kyamara. Ya saita wata tsohuwa mai sayar da kwanduna a bakin titi, ya danna. Ba a ji komai ba. Daga bayansa kuwa sai ga ƙara, ƙaras!

"Ke da wannan gwangwani naki," in ji shi. "Kin ji tawa ta yi ko tari?"

"Ban ji ba, Injiniya."

Kyamararsa irin ta dā ce mai cin fim, mai tsadar gaske. Sai da ya sayar da motarsa ya saye ta, shi ya sa har yau a ƙafa suke zuwa unguwa. Babban abin tinƙahonsa shi ne shirunta. Yakan ce kyamarar manya ba ta surutu, kuma bai taɓa barin wani mai gyara ya sa mata hannu ba. Ta hannun matarsa kuwa a gwanjo ya tsinto ta, don ya riƙa ajiye su gefe da gefe yana nuna wa baƙi bambancin zinariya da dalma. Daga baya ya bar mata, ko ta daina ƙorafin tsayuwa. Ita ke riƙe jaka, ita ke riƙe hula, ita ke kai fim wurin wanki, domin shi warin sinadari mura yake sa shi.

A ƙungiyarsu ta masu hoton fim, mutum ɗaya ne ya tsone masa ido: Mai Kemis, wanda ke yawo da kyamarar araha a aljihu yana cewa ai duk hoto ne. Da kujerar shugaba ta zama babu kowa, aka yanke cewa kowannensu ya kawo hoto ɗaya, a buga shi babba, kada a datse ko'ina, a jefa ƙuri'a. Injiniya ya miƙe ya rantse a gaban kowa cewa in hoton kyamarar araha ya ci, ba zai ƙara taka ɗakin nan ba. Maganar ba ƙarama ba ce, domin tun da ya yi ritaya ba shi da inda ake saurarensa sai nan.

Wannan sharaɗi na kada a datse shi ya hana shi sukuni. Akwai wani mai sanƙo da ya daɗe yana ɓata masa aiki. Kusan kowane hoto, sai ka ga ƙeyar mutumin a can kusurwa, tana sheƙi, da wani ɗan tabo kamar ƙwayar wake. Almakashi Injiniya ke sa wa ya cire shi. Bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma yana da bayani, shi da ba ya rasa bayani. Irin wannan kyamara ta wata 'yar taga ake leƙawa, daban da gilashin da ke ɗaukar hoton, don haka abin da ido bai gani a gefe ba yana iya faɗowa ciki. Har ya taɓa tare wani bawan Allah mai sanƙo a tasha ya wanke shi tas, aka yi ta ba da haƙuri.

Ya baje hotunansa a tabarma yana neman wanda babu ɗan iskan. Duk masu kyau yana ciki.

"Ko dai ka haƙura da gasar nan?" in ji matarsa a hankali.

"Ke me kika sani a hoto?"

Ta tattara masa hotunan.

Ranar gasa aka rataye hotuna biyu a bango. Na Mai Kemis ba laifi. Amma tsohuwar nan mai kwanduna ta tsayar da kowa, ana iya ƙirga tamojin goshinta da kowane zaren kaba. Ƙuri'a ta tafi gun Injiniya kusan gaba ɗaya, har da ta Mai Kemis, wanda ya zo ya ba shi hannu.

Injiniya ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce yau an rufe gardama, araha ba ta taɓa kamo ƙafar tsada ba. Ya nuna kusurwar hoton, inda ƙeyar nan ta fito kamar faranti. "Ko wannan sakarai bai iya ɓata aikin gilashi na gaske ba. Ku dubi kai don Allah, kamar an goge da mai." Aka kwashe da dariya, shi ya fi kowa.

Sai ya ga ya kamata tarihi ya adana wannan rana. Ya juya ya fuskanci hotonsa, ya cire hula ya miƙa baya, ya ɗaga kyamara.

Dariyar ta fara raguwa daga sahun gaba, har ta mutu a bakin ƙofa. Mai Kemis ya dubi bango, ya dubi sabon shugaba, ya sake duban bango. Matar Injiniya ta sunkuyar da kai, hular tana hannunta. Tun fim na farko da mai wanki ya miƙo mata wayam, babu ko inuwa, ta san kyamarar mijinta ba ta buɗe ido, ta kuma rasa bakin da za ta faɗa wa mutumin da ya sayar da motarsa. Sai ta riƙa kai nata fim ɗin a madadin nasa.

Injiniya ya danna, shiru kamar kullum, ƙeyarsa tana sheƙi daidai ƙasan wadda ke bango, da ɗan tabon nan kamar ƙwayar wake, yadda matarsa ta saba ganinta daga inda take tsayawa da gwangwaninta.