Ranar Gwajin Iya Kande

Shekara ashirin ke nan da wandon ƙarfe ya shigo gari. Shi ke ɗaga mutum, shi ke zaunar da shi, shi ke kai shi kasuwa. Don tsofaffi aka ƙera shi, amma tsabar son jiki ya sa har matasa suka auka ciki. Doka ta ce duk wanda ya haura saba'in dole ya saka, sai fa in zai iya tashi daga ƙasa sau biyar ba dafawa.

Ran Laraba aka tura Ladidi, ma'aikaciyar lafiya, ta gwada Iya Kande, wadda ta rantse ba mai zura mata shi.

"Cire wannan abin, 'yar nan. Yaga mini tabarma yake," in ji Iya Kande.

Ladidi ta cire nata wandon ƙarfen, ta zauna. "Iya, in kin gaza, yau zan saka miki."

"To, ƙirga."

Tsohuwar ta harɗe hannuwa a ƙirji, ta miƙe tsaf, ta koma, ta sake miƙewa. Ladidi ta kasa ɗauke ido daga jijiyoyin ƙwaurinta, suna ɗamewa kamar igiyar guga. Rabonta da ganin ƙafa na aiki da kanta tun tana yarinya. Sai a na tara ta tuna ba ta ce ya isa ba.

"Kin ci, Iya."

Ladidi ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka kasa ɗaga ta, ta koma zaune.

Iya Kande ta miƙo mata hannu. "Shekarunki nawa?"

"Ashirin da shida."

"Kama. Gobe ki zo da wuri, rafi za mu ɗebo ruwa."