Albasar da Na Kai Aji

Albasar ma ni na kawo ta, daga kwandon Inna. Malamin kimiyya ne ya ce a zo da ita, za mu duba fatarta a madubin da ke ƙara girman abu, wanda shi kaɗai ne a makarantarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi.

Bayan azahar muka yi layi. Ni na ɓare ta, yatsuna sai warinta suke. Da layi ya kusa zuwa kaina, zumuɗi ya kwashe ni, na ce, "Malam, da gaske ɗaki-ɗaki ne a ciki?"

Ya ɗago kai. "Hausa a ajina? Fita ki durƙusa. Kimiyya ba ta jin Hausa." Kuma da Hausar ya faɗa min, don in ji da kyau.

Na durƙusa a rana ina shinshina yatsuna, yaran da ake musu Turanci a gida suna ciki suna ta leƙawa. Ban ga komai ba.

Yanzu ni ke koyar da kimiyya a Tarauni, kuma da Hausa nake fara bayani. Kwanaki a wani taron malamai, malamin nan ya nuna ni yana cewa, "Ɗalibata ce." Na gaishe shi saboda furfurarsa, amma a tsaye. Durƙuson da zan yi masa na gama shi tun ranar nan.