Ƙararrawar Magani

Da ya ɗaga matashin kai, ƙwayoyin maganin Mama suka zubo kan gado, ko ɗaya ba a sha ba. Dawowarsu ke nan daga asibiti, inda likita ya ce jinin mahaifiyarsa ya hau, har ana tsoron shanyewar jiki. Zama ya gagare shi. Ya je bakin taga, ya dawo, ya sake komawa.

"Mama, kashe kanki za ki yi? Ba na sa miki ƙararrawa a waya ba?"

"Tana bugawa, ranka ya daɗe. Har maƙwabta sun haddace ta."

"To, me ya hana ki sha?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Da can shi ke kiranta kowace safiya, ba ya ajiye waya sai ya ji ta haɗiye. Da aiki ya yi masa yawa, ya bar wa ƙararrawa.

"Jira nake ta tambaye ni yadda na kwana," in ji ta. "Har yau ba ta tambaya ba."

Ya goge ƙararrawar, ya tsiyayo ruwa a kofi, ya durƙusa gabanta. Rana ta riga ta yi tsaka.

"Mama, ina kwana?"