Fara Mai Ɗigon Ja a Goshi

Ni ko kaza aka ba ni ajiya, sai an zo yi wa mai ita jaje. Amma da za a kwantar da Inna a asibiti a Gwarzo, ni ta bar wa kyanwarta.

Mai dogon gashi ce, fara sol, da ɗigon ja a goshi. Ƙanwata Zinnira ce ta kawo mata kafin ta rasu. Ana gobe za a sallamo Inna, mota ta take kyanwar.

Na karaɗe Kano ina neman irinta. Gashin na samu, launin ya gagara. Na sayi wadda ke akwai, na kamo hanyar garinmu Kabo ina bitar haƙurin da zan bayar.

Na tarar da Inna a tsakar gida, rana tarwai. Na ɗora mata kyanwar a cinya.

"Inna, dama..."

"Kai Muntari, ka ramar min da ita!" Ta shafa ta, ta ɗago fuskarta ta ƙura mata ido. "Amma ka yi ƙoƙari, farin bai yi datti ba. Ga ɗigon nan da Zinnira ke so. Wai har likita zai duba min ido, na ce ras nake gani."

Na sake duban abin da ke cinyarta.

Kyanwar da na kawo baƙa ce wuluk.