Tsagar da ke Bayan Jere

Ke takwara, tunda kin ce gida mai kyau ya samu amma kina jin nauyin tashi don ba ki daɗe da tarewa ba, ajiye tsintsiyar nan ki saurara. An yi wata mata, mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Suka kama haya a wani gidan ƙasa. Ranar tarewa yayyenta suka taso tun daga ƙauye suka yi mata jere, wuni guda ana ɗora kwalla ana sauke langa, har bango ya ɓace sai ƙyalli. To a bangon gabas, inda ruwa ke duka, akwai 'yar tsaga siririya kamar zare. Babbar yayar ta gani, ta jawo kabad ta tokare wurin, ta ce, "Ga maganinta nan." Aka yi dariya. Matar ta zauna, ta saba. Ta san wadda ake aron turmi wurinta, ta san inda rana ke faɗawa a yi shanya. Ko sunayen 'ya'yan maƙwabta ba ta gama riƙewa ba sai ga labarin wani gida a bayan kasuwa: ginin bulo, rufin kwano, rijiya a tsakar gida, haya kuma kusan ɗaya. Mai shi ya ce zai jira ta zuwa saukar ruwan fari, daga nan sai ya ba wani. Miji ya ce ita ce mai zaman ɗaki, ta zaɓa.

Matar ta koma ɗaki. Ta leƙa bayan kabad, sai ta ga tsagar da ta sani kamar zare yanzu tana cin ɗan yatsa, ƙadangare na shiga yana fita. Ta ce gobe za ta kwance jere. Gari ya waye ta tsaya gaban kwanukan nan, sai ta fasa. Da wane baki za ta sake kiran su Yaya? Ai sai a ce ba ta da gindin zama. Ta sami tsumma ta cusa a tsagar. In iska ta kaɗa murfin kwalla ya yi ƙaras, sai ta janye shimfiɗar yaronta daga jikin bangon. Ta je ta ga gidan bulo, ta leƙa rijiya har ta ga fuskarta a ciki, ta dawo ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Hadari ya riƙa haɗowa daga gabas yana watsewa, duk wanda ya watse sai ta sauke numfashi ta ce akwai sauran lokaci. A tsakar gidan kuwa akwai wata akuya, igiyarta ta ruɓe ta tsinke tuntuni, amma kullum tana kwance gindin turkenta ko da rana na gasa ta. Matar nan har dariya take mata, tana cewa dabba dai dabba ce. Ran nan da la'asar ruwa ya ɓarke. Tana rumfar girki, yaro goye a baya, tana kare wuta da faifai, sai ta ji wani rugugi da ba na tsawa ba. Bangon gabas ne ya zauna, ya haɗa da kabad da kwalla da langa, har inda yaron ke kwanciya da. Allah ya tsare rai. Washegari ta ruga gidan bulo, laka har ƙauri, ta tarar da labulen wata a ƙofa, daga ciki ana guɗa ana jere. Ta dawo ta durƙusa tana tsintar murafai a cikin taɓo, akuya na gindin turke tana tuƙa tana kallonta.

To ke ma tashi ki janye naki kabad ɗin ki duba, ki daina murza zani kina kallona. In bangonki lafiya lau ne, zauna abinki. In kuwa kunyar kwance jere ce kawai ta riƙe ki, Hausawa sun riga sun faɗa: sabo turken wawa.