Almakashin Inna da Dabarar Zogale

Ni ne wawan labarin nan, na yarda, amma ko yanzu da sanƙo ya cinye kan, ban yafe wa Kawu ba. Ina yaro, gashi nake so irin na samarin Fulanin da ke sauka kusa da mu a Fakku, a kitse mini kafin Sallah. Kawu ya rantse mini gashi kamar zogale yake, in ana datse kansa sai ya ƙara tofo. Wata biyu ina satar almakashin Inna, kakata, kullum ina datsewa.

Wata rana da la'asar Inna ta kama ni, saura kwana uku Sallah. Almakashin yana warin man shanu, kaina kuwa kamar gonar da awaki suka shiga. Na fashe da kuka, na ce zalunci ne, ga zogalen bayan ɗaki an datse shi har ya fi ni tsawo. Ni da na kai aji uku, a yi mini haka?

Inna ta karɓe almakashinta, ta aika a kira wanzami ya aske sauran, sannan ta ƙwanƙwasa kaina da yatsa.

"Zogale shina da taki ƙarƙashinai, maigida. Kai mi ke cikin wanga kan naka?"